Yaron da Ya Ari Bakin Obama Ya Ci Masa Albasa

Mai karatu, a ce kana riƙe da wayarka da yammacin wata Laraba, sai ka ga Barack Obama, tsohon shugaban Amurka, ya rubuta a shafinsa na Twitter cewa saboda halin da annobar korona ta jefa jama'a yana so ya taimaka: duk wanda ya tura masa dala 1,000 ta Bitcoin zai mayar masa da dala 2,000, amma minti 30 kacal za a yi ana rabon. Ka duba sunan, nasa ne. Ka duba shuɗiyar alamar da Twitter ke maƙala wa shafukan da ta tantance a wancan lokacin, tana nan daram. Kafin ka gama mamaki sai ga irin saƙon a shafin Bill Gates, da na Elon Musk, da na Jeff Bezos, da na Joe Biden, har da na kamfanin Apple. Da kai ne, me za ka yi?

Haka abin ya faru ranar 15 ga Yuli, 2020, kuma mutane sun tura. Cikin 'yan sa'o'i aka zuba kuɗi sau sama da 400 a asusun da aka bayar, abin da ya tasam ma dala 118,000. Kamfanin Coinbase, inda ake saye da sayar da irin waɗannan kuɗi, ya yi sauri ya toshe hanya, ya tare mutane fiye da dubu da suka riga suka miƙa hannu za su tura nasu. Waɗanda nasu ya wuce kuwa sai suka zauna jiran ninki. Bitcoin in ya fita ya fita ke nan, babu manajan banki da za ka je ka yi wa kuka.

Can hedikwatar Twitter kuwa ido ya raina fata. Suna goge saƙo ɗaya, wani na ɓullowa a wani shafin. Da abin ya gagara sai suka hana shafukan da aka tantance yin rubutu na wasu sa'o'i, har wani ofishin hukumar hasashen yanayi a jihar Ilinois ya kasa aika gargaɗin guguwa ta shafinsa, alhali guguwar na tafe. Zaɓen shugaban Amurka saura ƙasa da wata huɗu. Mutane da dama suka fara zargin ko wata gwamnati ce ta turo ƙwararrunta. In ba gwamnati ba, wa ke da ƙarfin kama bakin manyan duniya a rana ɗaya?

Ranar 31 ga Yuli jami'an tsaro suka ƙwanƙwasa ƙofar wani gida a birnin Tampa na jihar Fulorida, suka fito da Graham Ivan Clark. Shekarunsa 17. Tun yana ƙarami ya fara koyon hannu a wasan kwamfuta na Minecraft, inda ya yi ƙaurin suna wajen karɓar kuɗin abokan wasa da alkawarin sayar musu da wani abu, sannan ya yi ɓatan dabo. To ta ina yaro kamar wannan ya shiga cikin kamfanin da ke kashe miliyoyi a kan tsaro?

Ta kiran waya ya shiga. Lokacin korona ce, ma'aikatan Twitter na aiki daga gida, kuma hanyar da suke bi su shiga kwamfutocin ofis, wadda ake kira VPN, ta saba ba su matsala. Sai wayar ma'aikaci ta yi ƙara. Mai kiran ya ce daga sashen gyaran kwamfuta na kamfanin yake, ya kira ne kan matsalar nan ta VPN. Ya san sunan ma'aikacin, ya san aikinsa, yana magana irin ta 'yan gida. Ya ba shi adireshin wani shafi ya ce ya shiga a gyara. Shafin kamar an tsaga kara da na gaskiya. Ma'aikacin na rubuta sunansa da kalmar sirrinsa, masu kutsen na kwafa suna zubawa a shafin Twitter na ainihi a daidai wannan lokacin. Nan take na'urar tsaro ta aika wa ma'aikacin saƙo tana tambaya ko shi ne ke son shiga. Shi kuma, tunda a ganinsa shi ɗin ne, sai ya amince. Wasu ma'aikatan sun yi shakka sun kai rahoto. Wasu kuwa sun bi umarni har ƙarshe.

A nan nake so ka tsaya, mai karatu, kafin ka ce ai wauta ce. Waɗannan mutane kwamfuta ce sana'arsu. Ba a yi musu alkawarin ko sisi ba. An same su ne da matsalar da ta riga ta dame su, aka zo musu da murya mai kama da ta abokin aiki. Kai da intanet ɗin ofis ta hana ka sakat tun safe, wani ya kira ya ce ga shi zai gyara maka, za ka tsaya bincikensa, ko godiya za ka yi masa?

Daga nan masu kutsen suka kai ga kayan aikin cikin gida da ake iya canza imel da lambar wayar kowane shafi da su. Shafuka 130 suka taɓa, suka yi rubutu da 45. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne abin da ba su yi ba. Yaron da ke riƙe da bakin ɗan takarar shugaban ƙasa, Joe Biden, da na attajiran da kalmarsu ɗaya ke girgiza kasuwar hannun jari zai iya kunna wutar da ba a san ranar kashe ta ba. Shi kuɗi kawai yake so. Da safiyar ranar ma, kafin ya kai ga su Obama, sayar da gajerun sunayen shafuka yake yi, masu harafi ɗaya ko biyu, waɗanda wasu matasa ke saye da dubban daloli don burga. Ya ɓoye a bayan sunan Kirk, yana cewa shi ma'aikacin Twitter ne, ya samu dillalai suna nemo masa masu saye.

Su dillalan dubunsu ta cika ta hanyar da ba su zata ba. Dandalin da suke tallar hajar, OGUsers, shi ma wasu sun taɓa yi masa kutse a watan Afrilun shekarar suka watsa bayanan mambobinsa, kuma hukumar FBI ta samu kwafi. Da aka bi sawun kuɗin sai aka tarar Mason Sheppard, ɗan shekara 19 a Ingila, da Nima Fazeli, ɗan shekara 22 a Olando, sun buɗe asusun karɓar kuɗin ne da lasisin tuƙinsu na gaskiya, da hoto da suna da komai. Ka ji masu wayon da suka rikita duniya!

Kada ka ɗauka wannan dabara a Amurka ta tsaya. Ita ce dai ake yi wa mutanenmu a WhatsApp. Waya ta yi ƙara, a yi maka sallama da ladabi: “Alhaji, daga ƙungiyarmu ne, za mu yi taro da daddare, an turo maka lamba shida ta shiga, karanto min in saka ka.” Lambar nan ita ce mabuɗin shafinka. Kana karantowa an fitar da kai, kuma kafin la'asar 'yan uwanka sun fara ganin saƙo da sunanka da hotonka cewa ka zuba dubu 20 ka kwashi dubu 40, su ma su hanzarta. Yayarka da ta san ba ka ƙarya, me zai hana ta turawa? Haka mai cewa daga banki yake, yana neman lambar katinka ko lambar da aka turo maka yanzu. Banki ba ya tambayar waɗannan, WhatsApp ma ba ya kiranka ya nemi lambar. Ka kashe wayar, ka nemi mutumin ko ofishin da kanka ta lambar da ka sani tun da. Ka kuma kunna matakin tsaro na biyu a WhatsApp, inda za ka zaɓi wata lambar sirri taka ta kanka. Ko an sace ta farkon, wannan za ta tare ɓarawo.

Shari'ar Clark ita ma ba ta wuce salin-alin ba. An tuhume shi da laifuka 30, aka sa belinsa dala 725,000. Saboda korona aka yi zaman kotu ta Zoom a farkon Agusta, sai wasu 'yan ta-kife suka shigo da sunan 'yan jarida, suka cika zaman da kiɗa da ihu, ɗaya ya saki bidiyon batsa, dole alƙali ya dakatar da zaman. A watan Maris na 2021 Clark ya amsa laifinsa, aka yanke masa shekara uku a tsare da wasu uku na sa ido, sassaucin da ya samu saboda ƙuruciya. Wani abokin harkar, Joseph O'Connor ɗan Birtaniya, ya ci gaba da zamansa a Sifaniya har shekara guda, kafin 'yan sanda su cafke shi a Yulin 2021. Aka miƙa shi Amurka, kuma a watan Yunin 2023 wata kotu a birnin Niyok ta ɗaure shi shekara biyar.