Amfanin Jan Layin Gyaran Rubutu Ga Ɗalibai Da Ma'aikatan Sandamu

Kamar yadda muka sani, ɗalibanmu na Ƙaramar Hukumar Sandamu da ke karatu a manyan makarantun Daura, ko a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, ba sa kammala karatu sai sun gabatar da kundin bincike wanda aka buga da kwamfuta. Iyaye kan kashe kuɗi wajen bugawa da ɗinkewa, amma sau da yawa malami kan mayar da aikin saboda kurakuran rubutu, a sake biya. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi bayani game da wata hanya da ke rage wannan asara.

A cikin manhajar rubutu ta Microsoft Word akwai ƙamus. Duk kalmar da mutum ya buga, nan take manhajar za ta neme ta a ƙamus ɗin. Idan ba ta same ta ba, sai ta ja mata jan layi a ƙasa, ta kuma kawo kalmomin da take zaton su ake nufi. Tun shekarar 1995 aka sanya wannan tsari. Kafin nan sai an gama rubutu sannan a umarci na'ura ta duba. Amfaninsa shi ne mai rubutu yana ganin kuskurensa tun bai manta abin da yake nufi ba, kuma a hankali yakan koyi daidaitaccen rubutu.

Sai dai wajibi ne a fara gaya wa manhajar harshen da ake rubutu da shi. Idan aka bar ta a kan Turanci aka buga Hausa, kusan duk shafin zai yi ja, wani lokaci ma ta sauya kalma da kanta. Kundin Turanci kuwa, a zaɓa masa Turancin Ingila wanda makarantunmu suka fi bi, ba na Amurka ba. Haka nan sunaye irin su Karkarku da Katsayal da Fago, ba kuskure ba ne don an ja musu layi. Ana iya ƙara su cikin ƙamus ɗin sau ɗaya a huta.

Abin da ya fi muhimmanci mu lura da shi shi ne, na'ura ba ta san ma'ana ba. Tun shekarun 1930 Hausar boko ke amfani da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, domin su ne ke raba wata kalma da wata. Idan sakatare ya rubuta baki maimakon baƙi, ko kafa maimakon ƙafa, ko kasa maimakon ƙasa, jan layi ba zai fito ba, domin dukkansu kalmomi ne. Haka abin yake tsakanin "a kan tebur" da "akan yi taro". Bugu da ƙari, kuskuren lamba a takardar fili ko ta albashi ba ya jawo jan layi, alhali shi ne ya fi haifar da rigima.

Saboda haka muna kira ga ɗalibai da ma'aikatan sakatariya da magatakardan hakimai da su kunna wannan tsari, su tabbatar da harshen da aka zaɓa, su kuma nemi a sanya musu haruffa masu lanƙwasa. Wanda ya kai aiki shagon buga takardu, kada ya yarda a fitar da shi sai ya karanta a fuskar kwamfuta, ya kuma ba wani ya sake dubawa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.