Mai Gyaran Wayar Totur da Kuloci

A injin huɗa ko na yankan ciyawa, hannun mai aiki yana nesa da kafireto da kuloci. Abin da ke kai saƙo tsakaninsu wata siririyar waya ce mai gudu a cikin kwanso. Masu gyaran ƙananan injuna sun san darajarta, domin sau da yawa injin da aka kawo musu ana cewa ba ya jan wuta, lafiyarsa ƙalau, wayar ce ta gaza.

Dabarar tsohuwa ce. Wani Bature, Ernest Bowden, ya yi mata rajista a Ingila a 1896, ta kuma yi suna a birkin keke. Wayar ciki silin ƙarfe ne da aka tufka kamar igiya, aikinta ja kawai, sifirin ne ke mayar da ita. Kwanson kuwa ƙarfe ne a nannaɗe, an lulluɓe shi da roba; yana lanƙwasa amma ba ya matsewa. Idan aka ja hannun totur, wayar na tafiya, kwanson na tsaye, ta haka jan ke bin kwana ya isa ga ɗan ƙarfen da zai motsa. A wasu injuna kuma waya guda ce mai tauri, tana ja tana turawa, kamar ta cok.

Nan ake gane gwani. Sabon yaro zai yi ta ƙulla waya, shi kuwa oga kwanson yake fara dubawa. Muddin bakinsa ya suɓuce daga mariƙinsa, komai jan da aka yi, banza ne. Sai ya cire kan wayar daga kafireto, ya ja ta da yatsu biyu yana jin tafiyarta. In tana cijewa, tsatsa ko ƙura ta shiga, sai ya ɗaga ta sama ya ɗiga mata mai har ya ɓullo ta ɗaya bakin. In ya ga sili ko ɗaya ya tsinke, sai ya ce wa mai kaya: “Alhaji, wannan canji take so, ba mai ba.” Bayan ya sa sabuwa, yakan kauce wa kwana mai tsanani da jikin salansa, sannan ya juya notin saiti har ragowar wasan ya zo daidai.

Kowa ya raina gajere bai taka kunama ba. A Amurka, tun 1982 doka ta wajabta wuƙar injin yankan ciyawa da ake turawa ta tsaya cikin daƙiƙa 3 da sakin hannu, kuma waya irin wannan ce ke kai umarnin. Shi ya sa makanike mai amana ba ya yarda a ɗaure hannun da kyauro don a huta da riƙo, ko da mai injin ne ya roƙa: ya san yatsun mutum ke wurin.