Ba Kowane Wahalalle Ne Alhaki Ke Bi Ba

Akwai wata magana da nake yawan ji a bakin masu kallon fim da wasan kwaikwayo, daga majalisun Tasawa har ƙauyukanmu na El Allassane Maïreyrey, inda samari kan taru bayan isha'i su kewaye waya guda. Cewa ake yi labarin kirki shi ne wanda mai gaskiya ya ci riba a ƙarshensa, azzalumi kuma ya girbi abin da ya shuka. In kuwa aka bar bawan Allah ya tagayyara, bai ci ba bai sha ba, to marubucin ya yi zalunci, ya kuma koya wa yara cewa kirki ba shi da rana. Masu wannan ra'ayi kishin tarbiyya ne ke sa su magana, kuma suna da madogara. Mun tashi da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda NTA Kaduna ta mayar wasan talabijin a shekarun 1980, inda waziri maci amana ya ƙare a wulaƙance, aku mai hikima ya sami ɗaukaka. Wanda harshensa ya saba da wannan zaƙi dole ya yamutsa fuska in an miƙa masa maɗaci. Duk da haka ina ganin an yi kuskure, kuma kuskuren ya wuce zancen nishaɗi.

Bari mu ɗauki misalin da ya fi kowanne ƙona rai. Daga 1959 zuwa 1964 tashar CBS ta Amurka ta nuna wani shiri na Rod Serling mai suna The Twilight Zone, kashi 156, kowane kashi da labarinsa da mutanensa, kamar dai yadda aku ke kawo sabon labari kowane dare. A kashin 20 ga Nuwamba 1959 an nuna Henry Bemis, ma'aikacin banki mai raunin gani, wanda ba abin da yake so a duniya sai karatu. Matarsa ta hana shi a gida, shugabansa ya hana shi a wurin aiki. Ran nan ya shige ɗakin ajiyar kuɗi don ya saci karatu, sai bam ya tashi ya shafe garin, shi kaɗai ya tsira. Yana dab da yanke ƙauna ya tarar da kangon ɗakin karatu, littattafai zube ko'ina. Ya jera su tuli-tuli, na wannan wata da na wancan. Ya sunkuya zai ɗauki ɗaya, tabaransa ya faɗi ya fashe. Nan labarin ya tsaya.

Abu na farko da ake cewa, wannan ɗabi'ar Turawa ce, mu ba mu san ta ba. To, a tuna da gayyar Gizo. A yadda kakanninmu suka ba mu ita, Gizo ya gayyaci kaza, da muzuru, da kare, da kura, har zuwa zaki, kowa ya zo ya taya shi noma da zuciya ɗaya, shi kuwa ya shirya zuwansu yadda na baya zai cinye na gabansa. Me kaza ta yi? Taimako ta zo. Tsohuwar da ta ba mu wannan tatsuniya ba ta ɓata mana tarbiyya ba. So take yaro ya ji zafin abin da aka yi wa kaza, ya kuma san akwai masu kiran gayya irin Gizo a duniya.

Na biyu, ana cewa irin wannan labari yana raunana imanin yaro da sakayya. A nan ne nake roƙon ɗan'uwa ya dakata ya duba da kyau, domin addinin da muke kishi bai taɓa yi mana alkawarin za a kammala hisabi a nan duniya ba. Muminan da aka ambata a Suratul Buruji an jefa su ramin wuta, kuma sun ƙone. Sumayya da mijinta Yasir sun mutu a hannun masu azabtarwa a Makka, ba su ga ranar da aka ci garin ba. Yaron da aka raina a kan cewa kirki na biya nan take, ciniki aka koya masa. Ranar da ya yi gaskiya ya yi hasara, sai ya ga an cuce shi, ya watsar. Wanda kuwa ya san tun yana ƙarami cewa mutumin kirki na iya faɗuwa, ya fi kusa da riƙe kirkinsa a ranar tsanani.

Sai babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami. In ido ya saba ganin masifa a kan mai laifi kaɗai, to in ya ga mai masifa sai ya shiga neman laifinsa. Mun san raɗe-raɗin da ake yi a bayan zauren makoki: wai alhaki kwikwiyo ne, wa ya san abin da ya aikata. Ana faɗa wa matar da ta binne 'ya'ya uku, ana faɗa wa ɗan kasuwar da ya karye, ana faɗa wa wanda ciwo ya kwantar shekara da shekaru. Ƙasarmu kuwa ta isa ta ƙaryata wannan. A 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara ta bi abin da ya rage, a 2005 yunwa ta cika asibitocin Maraɗi da jarirai. Manomin da ya yi shuka a kan kari, ya yi noman fari da maimai, ya fitar da zakka bara, shi ma rumbunsa wayam. Wane alhaki ke bin goyon wata takwas?

Haka tarihin 1899. Wani zai ce ai ga sakayya nan a fili: Voulet da Chanoine, hafsoshin Faransa da suka ƙone garuruwa tun daga yamma, sojojinsu ne suka harbe su a watan Yuli, kaburburansu na nan a Maijirgi, ƙasar Tasawa. Gaskiya ne. Amma mutanen Birnin Ƙonni da aka karkashe a watan Mayu ba su tashi ba don an harbe makasansu. In aka ce labari sai ya ƙare da kowa ya sami daidai aikinsa, to nasu labarin ba shi da mai ba da shi ke nan.

Ban ce a daina labarin sakayya ba. Yana da gurbinsa, ni ma ina jin sanyi in na ga mugu ya faɗa ramin da ya gina. Na kuma yarda akwai marubucin da ke azabtar da ɗan wasansa don kawai ya girgiza mai kallo, kuma wannan abin zargi ne. Yadda ake bambancewa shi ne a duba abin da labarin ya bari a zuciya. Wanda ya kalli Bemis tsaye a kan matakala, riƙe da fasasshen tabarau, tausayi ne ke kama shi, har ya ce ina ma yana kusa ya karanta masa.

Abubakar Tafawa Ɓalewa ya san wannan tun 1934, da ya fitar da Shaihu Umar. Mahaifiyar Umar ba ta yi laifin komai ba. An sace mata ɗa, ta bar gida ta bi sawunsa, aka kama ta aka sayar, aka ƙetare Sahara da ita tana baiwa. Bayan shekaru ta ga ɗan nata ya zama mutum, malami, amma wahala ta riga ta cinye jikinta, ba ta jima ba ta cika. Layi ɗaya ya ishi Ɓalewa ya raya ta, ya mayar da ita gida ta ga jikoki. Bai yi ba, domin ya san matan da aka bi da su ta wannan hanya, mafi yawansu ko ganin 'ya'yan nasu ba su sake yi ba.