Matar Da Ta Mai Da Jera Furanni Sana'a

A cikin shekarar 1929 mutane suka riƙa yin cincirindo a bakin tagar wani kantin turare da ake kira Atkinsons, a titin Old Bond Street cikin birnin Landan. Abin da ya tsayar da su kuwa wani jerin furanni ne da aka ƙawata tagar da shi, wanda aka haɗa har da rassa da ganyayen da ke tsirowa da kansu a bakin shingen gonaki, irin waɗanda masu hali ba su ko kallo. Wadda ta yi wannan aiki ita ce Constance Spry, wata Baturiyar Ingila da aka haifa a garin Derby cikin 1886.

Asalinta malamar makaranta ce. Cikin 1921 aka ba ta shugabancin wata makaranta a gabashin Landan, unguwar talakawa, inda yara masu aiki a masana'antu kan zo su koyi girki da ɗinki. Nan ta fara koyar da jera furanni. Cikin 1928 ta ajiye aikin malanta, cikin 1929 kuma ta buɗe kanti nata na kanta, tana da shekara 42 da haihuwa. Abu kamar wasa, ciniki ya bunƙasa, har ya zuwa 1934 ta koma babban kanti a unguwar Mayfair, ta kuma kafa makarantar koyon wannan sana'a.

Mai karatu zai ce, mene ne abin koyo a cikin zuba fure a tulu? To, ai fure yakan fara mutuwa ne tun daga lokacin da aka yanke shi, aikin gwani kuwa shi ne ya jinkirta mutuwar. Saboda haka a irin waɗannan makarantu ɗalibi yakan fara ne daga bokiti da wuƙa. Zai koyi yanke karan fure a karkace domin ya sha ruwa sosai, ya tsige duk ganyen da zai nutse, gama ruɓaɓɓen ganye shi ke ɓata ruwa ya toshe karan. Furen da ke fid da farin ruwa kamar na tumfafiya, sai a ƙona bakin karansa kaɗan, ko a tsoma shi cikin tafasasshen ruwa. Sa'an nan a bar furannin su kwana cikin ruwa mai zurfi a wuri mai sanyi.

Bayan wannan ne ake shiga jeri, watau sanin tsawo da faɗi, da launin da zai zauna kusa da wani. Ita Constance takan dunƙule ragar waya irin ta kejin kaji ta cusa cikin tulu, domin kowane kara ya tsaya inda aka sa shi. Takan kuma haɗa ganyen kabeji da 'ya'yan itatuwa cikin jerinta. Waɗannan duka ba a samunsu daga karatun littafi kaɗai, sai hannu ya yi ta yi ana gyara masa, domin da koyo akan iya.

Cikin 1946 ita da ƙawarta Rosemary Hume, gwanar girki, suka buɗe makarantar 'yammata a Winkfield Place. Da aka zo naɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu cikin 1953, ita aka danƙa wa ƙawata majami'ar Westminster da hanyar da Sarauniya za ta bi. Ta rasu a watan Janairu na 1960, bayan ta zame a kan matakala a can Winkfield.

Babban abin da ta bari shi ne ɗalibai. A zamanin da ƙofofin aiki ba su da yawa ga mata, ta nuna cewa abin da ake ɗauka wasan matan attajirai ne yana iya zama hanyar cin abinci, muddin an zauna an koye shi kamar yadda ake koyon saƙa ko dukanci. Jarinsa na farko kuwa wuƙa ce mai kaifi, da ruwa mai tsabta, da idon da ya san abin da ke tsirowa a bayan gida.