Abin da ya kamata ku sani game da ƙasar Bakalori: ruwa, sunaye da kufai

In aka ambaci Bakalori, abu biyu ke faɗo wa yawancin mutane a rai: shinkafar rani da rikicin 1980. Amma tafkin da ke kwance kusa da Maradun da Talata Mafara jariri ne in aka gwada shi da ƙasar da ya kwanta a kanta. Akwai dattawan da suka yi noma a wurin da masunta ke jefa koma yau.

Gulbin Sakkwato ya taso ne daga wajajen Funtuwa, ya ratsa Gusau da Bunguɗu, ya wuce Maradun da Bakura, kafin ya haɗu da Gulbin Rima kusa da birnin Sakkwato. A wannan yanki ne ƙasa ke sauya hali. Ta gabas akwai tsoffin duwatsu masu tauri irin na Kwatarkwashi. Ta yamma kuwa sai yashi da tsakuwa da laka, shimfiɗar da masana ƙasa ke kira Gundumi, wadda ake tsintar itatuwan da suka zama dutse a cikinta. Da gulbin ya fito daga cikin duwatsu sai ya sami sarari ya baje, ya bar fadama mai faɗi da tafkuna irin Tafkin Natu na Bakura. Fadamar nan ita ta tara mutane tun fil azal: ambaliya ta zo da damina ta zuba sabuwar laka, a shuka shinkafa, in ruwa ya janye a yi su, a dasa albasa da rogo, makiyaya su sauko da shanu.

An fara gina madatsar ruwa ta Bakalori a kan wannan gulbi a 1974, aka gama a 1978, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin. Tafkin na iya ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450, ya kuma mamaye kimanin hekta 8,000. Dubban mutane aka tayar daga gidajensu da gonakinsu. Kan batun diyya ne manoma suka tare hanyoyi, har 'yan sanda suka far musu a Birnin Tudu cikin Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari. Gwamnati ta ba da adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, wasu masu bincike kuma suka ce sun haura 380. Mutanen da ke gangaren madatsar su ma sun ji a jikinsu, domin ambaliyar da suke dogaro da ita ta ragu, shinkafa da kifi suka ja baya.

Sunayen garuruwan kansu tarihi ne, kuma ba sai an je jami'a kafin a karanta su ba. Talata Mafara, a bakin masu ita Talatar Mafara ce: kasuwar da ke ci ranar Talata a ƙasar Mafara. Kasuwa ta bunƙasa har ranarta ta manne wa sunan gari, amma sarautar ba ta bi kasuwa ba, har gobe Sarkin Mafara ake cewa. A Bakura ba a cewa Sarkin Bakura kawai, Sarkin Burmi ne, wato sarautar Burmawa. A Maradun kuma Sarkin Kaya, ga kuma garin Kaya nan a cikin ƙaramar hukumar. A ƙasar Sakkwato da Zamfara sau da yawa haka abin yake: sunan sarauta kan riƙe sunan tsohon gari ko tsohuwar al'umma, ko da fadar ta koma wani wuri. Wanda ke neman asalin gari, ya fara da tambayar sarkin me ake kiran mai garin.

Ƙananan sunaye ma suna magana. Ruwan Gizo da Ruwan Bore da Tsibiri suna nuna inda ruwa yake, ko inda ya taɓa kasancewa. Duk inda kuka ji Birni, kamar Birnin Tudu da Birnin Kaya, a nemi alamar ganuwa. Sai dai a yi hattara da labaran asalin suna da ake ƙagawa daga baya, irin waɗanda za a ce wani maharbi ya faɗi kaza sai ta zama sunan gari. Suna da daɗin ji a dandali, amma kusan kowane gari a ƙasar Hausa yana da irin maharbin nan.

Daga ƙarni na 18 tarihin ya fi fitowa sarari, saboda akwai rubutu. Gobirawa ƙarƙashin Babari sun ci Birnin Zamfara wajen 1762, Zamfarawa suka warwatsu cikin garuruwa daban-daban. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a Zamfara, ya kuma zauna a Faru, wadda ke ƙasar Maradun a yau. Almajirinsa Malam Muhammadu Tukur ya zauna a Matuzgi kusa da Mafara. Bakura ta zama garin ribaɗi zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Mafara kuma ta yi bore a 1891, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya murƙushe shi.

Abin da ya gabaci wannan kuwa yana cikin ƙasa. A arewa maso yammacin Najeriya an tono mutum-mutumin yumɓu da aka gasa, waɗanda masana ke kira na Sakkwato da na Katsina, masu kama da na Nok ta wasu fuskoki. Abin takaici, yawancinsu ba masana suka tono su ba. 'Yan kasuwar kayan tarihi ne suka sa aka haƙe wurare irin Kwatarkwashi, kayan suka ɓulla a Turai, har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan da ake sacewa a shekarar 2000. Gunkin da aka fizge daga raminsa ya rasa rabin labarinsa, domin gawayi da ƙasusuwa da tsingaron da ke kewaye da shi su ake aunawa a gane shekarunsa da irin abincin masu shi. Lokacin da ake gina madatsar Kainji a shekarun 1960 an tura masana su yi tono kafin ruwa ya rufe wuraren, kuma a kusa da Yelwa suka samo gumakan yumɓu da suka haura shekara dubu.

Bakin ruwa na da wata baiwa da tudu ba shi da ita: laka mai danshi tana hana itace ruɓewa. A ƙasar Girka akwai wani ƙauye, Dispilio, a bakin Tafkin Kastoriya. A 1932 ruwan tafkin ya ja baya, sai ga turakun itace sun fito fili. Daga 1992 masana daga Jami'ar Aristotil ta Tasalonika suka shiga tono, suka gano mazaunin mutanen da suka yi noma da su a wurin shekara dubu bakwai da suka wuce, har da wani allon itace mai zane-zane. Ƙauyen ba wani babba ba ne, amma yau baƙi na zuwa kallonsa.

Saboda haka manomi a Rini ko masunci a Natu, in garma ta tono tsingaro mai ado, ko kashin maƙera na tsohuwar narkar da tama, ko tukunyar da aka binne a tsaye, kada ya fasa ta yana neman zinariya, kada kuma ya sayar wa dillali. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana tono da fitar da irin waɗannan kaya ba tare da izini ba. Ya bar abin a inda yake, ya ɗauki hoto da waya, ya shaida wa mai gari ko hakimi domin a sanar da hukumar.