Me Ya Kashe Wancan Batirin? Tambayar da Ake Mantawa a Fagge

Da hantsi, in mutum ya tsaya a layin masu sayar da kayan babur a Fagge, ba zai daɗe ba zai ga wani ya turo mashin yana haɗa gumi, ko ya iso a ƙafa da mataccen batir cikin baƙar leda. Maganar kusan ɗaya ce kullum: "Alhaji, ba ni irin wannan, amma don Allah mai kyau. Wancan wata uku kawai ya yi min." Mai shago ya jujjuya batirin, ya miƙa hannu kan kanta ya sauko da guda biyu, ya ce wannan ɗan Cana ne, wannan kuma orijina. A yi ciniki, yaro ya ɗaura, a danna hon ya yi ƙara, kowa ya kama gabansa. Ba mai saye ba mai sayarwa, babu wanda ya tambayi abin da ya kashe wancan a wata uku.

Tsofaffin babura sun yawaita a titunan Kano, kuma da dalili. A watan Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa a cikin birni. Adaidaita Sahu ta karɓe fasinja, babura kuwa wasu aka kai su ƙauye, wasu aka jingine a zaure. Shekara goma bayan nan, ranar 29 ga Mayun 2023, aka sanar da cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. Magidanta da yawa suka lulluɓe mota da tamfol, suka kakkaɓe ƙurar tsohuwar Jincheng ko roba-roba. Mashin ɗin da ya shekara biyar a jingine kuwa, abu na farko da ake tararwa ya mutu a jikinsa shi ne batir.

Wannan ɗan akwati bai canza sosai ba tun da Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro shi a 1859. Faifayen dalma ne a jere cikin ruwan asid, an raba su ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki yana ba da wuta kimanin bolt 2.1. Ɗaki shida shi ne batirin 12V, ɗaki uku na 6V. Ko rubutun jikin batir mai ruwa ya goge, ƙirga murafunsa ya isa. Lissafin yana da amfani ga mai tsohon mashin, domin Honda CG125 na farko-farko, waɗanda suka fara fitowa a tsakiyar shekarun 1970, da ƙananan Honda da Suzuki da Yamaha na wancan zamani, da yawansu 6V ne, kuma akan ci karo da su a hannun dattawan da suka ƙi rabuwa da abinsu. Duk wanda ya ɗaura wa irinsu batirin 12V, ƙwan fitilunsa zai fara ƙonawa, kuma da wuya koyil ɗin mashin ya cika batirin.

Haruffa da lambobin da ke jikin batir, waɗanda masu saye ke ɗauka ado ne, su ne cikakken sunansa. A ɗauki 12N5-3B, wanda ya cika shaguna. 12 ita ce bolt. 5 yawan wutar da yake iya ajiyewa ne, abin da ake rubutawa Ah, wato zai iya ba da rabin amfiya na tsawon awa goma. Lamba 3 tana faɗin inda kawunan batirin suke, B kuma gefen da bututun numfashi yake. Shi ya sa 12N7-3B da 12N7-4A ƙarfinsu ɗaya, amma kan ja mai alamar + yana dama a na farko, yana hagu a na biyu. Wayoyin babur gajeru ne, an auna su daidai wurinsu, na tsohon mashin kuma sun bushe sun ƙandare. In batirin bai dace ba, yaron shago zai ja waya da ƙarfi har ta tsage, ko ya haɗa a juye. Mai sa'a fiyus kawai zai rasa. Marar sa'a kuwa rektifaya ce za ta tafi.

Baturan da sunansu ya fara da YT, tsarin da kamfanin Yuasa na Japan ya yaɗa, lambarsu ba lallai ta zama Ah ba: YTX5L-BS Ah 4 ne, YTX7A-BS kuma Ah 6. Hanya mafi sauƙi ita ce a je kasuwa da tsohon batirin a hannu, a jera shi da sabon, a duba tsawo da faɗi da gefen kawuna. Sai dai tsohon ma wataƙila ba shi ne na asali ba, wani makanike ne ya cusa shi ya tokare da kwali.

Akwai masu ganin babban batir ya fi. Ba kullum ba. Koyil ɗin ƙaramin babur wuta kaɗan yake haifarwa, an yi ta daidai cikin batirin da aka tsara masa. A ɗora masa wanda ya ninka wancan, in ya sauka zai daɗe a rabin ciki, batirin dalma kuwa babu abin da ke kashe shi kamar zama da yunwa: wani farin gishiri ne ke daskarewa a jikin faifayen, daga nan ko an kai caji ba ya riƙewa. Ƙarin Ah ɗaya ko biyu ba laifi in ya shiga gurbin. Akasin haka ma ana yi. Mashin mai sitata yana buƙatar batirin da zai saki wuta mai yawa a daƙiƙa biyu, amma sai a ga an ɗaura masa batirin ajiyar wuta na kwamfuta, irin mai 7Ah da ake samu a shagunan kayan lantarki na Titin Faransa, don ya fi araha. Zai kunna fitila, zai busa hon. Ba a yi shi don juya inji ko jure girgizar ramukan titi ba, siraran kawunansa ma ba su ɗaukar wannan nauyi.

Sai zaɓi tsakanin mai ruwa da wanda ake kira busasshe. Shi ma busasshen da asid a cikinsa, sai dai wata tabarmar zaren gilashi ta tsotse shi, aka rufe akwatin ruf. Ba ya zuba ko mashin ya faɗi, ba a ƙara masa ruwa, ya fi jure girgiza, kuma ga babur mai lafiyayyen caji ya fi sauƙin sha'ani. Matsalar tsohon mashin ita ce cajin nasa. Da yawa daga cikin baburan da, musamman masu 6V, ba su da na'urar da ke tsayar da wuta in ta yi yawa. Batirin ne ke shanye rarar, yana tafasa ruwansa a hankali. Mai ruwa in ya ƙafe, a buɗe a ƙara. Busasshe in ya tafasa, sai ya kumbura kamar burodi, shi ke nan. Irin wannan mashin mai ruwa ne abokin zamansa, ko da mai shago ya ce tsohon yayi ne. Wannan ne kuma ya sa masu cire batir gaba ɗaya su riƙa tashi da kik suke yawan sayen ƙwan fitila, tunda babu abin da zai shanye rarar wutar. Batirin litiyam kuwa, mai sauƙin nauyi da tsada, ba ya jure caji fiye da kimanin bolt 14.6, don haka ba shi da wuri a jikin mashin da ba a tabbatar da wayarinsa ba.

A nan gizo ke saƙar. Batirin da ya mutu a wata uku, sau da yawa ba mutuwa ya yi ba, kashe shi aka yi, kuma mai laifin yana nan a jikin mashin yana jiran sabo. Gano shi aikin minti biyar ne a wajen mai wayarin da ke da mita. A ɗora bakin mitar a kawunan batir, mashin a kashe: cikakken batirin 12V zai nuna 12.6 ko sama kaɗan, 12.4 ya fara sauka, 12.0 kuwa ya yi nisa. A danna sitata ana kallon mitar. In lambar ta rufta ƙasa da 9.5, batirin ya gaji. Sannan a tayar da inji a ɗan ba shi wuta. Lafiyayyen caji yana tsakanin 13.5 da 14.5. In mitar ta tsaya a 12 da ɗoriya ba ta motsa ba, wuta ba ta shiga, ko dai koyil, ko rektifaya, ko wata waya da tsatsa ta cinye. In ta haura 15, dafa batirin ake yi. A duk halin biyu, ko daga Japan aka sauko da batir yau, kwanansa ƙirgaggu ne. Abin takaici, makanikai da yawa har yanzu gwajinsu shi ne goga waya a jikin ƙarfe a ga tartsatsi. Tartsatsi ba ya faɗin lamba, kuma kusa da batir mai fitar da iskar da ke kamawa da wuta, ganganci ne.

Garin ma yana da nasa hannun. Masu ƙera batir suna auna shi a zafin digiri 25, kuma a lissafinsu duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana rage rabin kwanansa. Kano a watan Afrilu takan kai 40, ga zafin inji, ga mashin a shanye a rana tun safe a bakin Kantin Kwari. Zafin bazara ne ke cin batir, amma sai sanyin hunturu ya shigo, man inji ya yi kauri da asuba, sannan ɓarnar ke fitowa fili, a ɗora wa sanyi laifi. Ga gajerun tafiye-tafiye: daga Fagge zuwa Singa, daga Wapa zuwa Bata, a cikin cunkoso, inji bai yi gudun da zai mayar da abin da sitata ta ɗiba ba. A ƙara da cajar waya, da sifika, da ƙararrawar ɓarayi wadda ke tsotsar wuta dare da rana ko makulli na aljihu.

A kasuwa kuwa kwali ba shaida ba ne. Kayan babur suna shigowa ta tashoshin ruwan Legas, su bi ta manyan diloli na Nnewi da Anaca kafin su iso Sabon Gari, kuma a wannan doguwar hanya sunan kowane babban kamfani yana iya hawa kan kowane akwati. Abin da ya fi wuyar ɓoyewa shi ne nauyi. Dalma ce tsadar batir, ita mai jabu ke ragewa, saboda haka batura biyu masu suna ɗaya in aka ɗaga su hannu da hannu, wanda ya yi sakayau abin tuhuma ne. Busasshe kuma yana zubar da wuta a hankali ko yana kan kanta, balle a shago mai rufin kwano. A sa mita a kansa kafin a biya, in bai kai 12.4 ba a nemi wani. Rasit mai kwanan wata da alƙawarin canji sun fi rantsuwa.

Batir mai ruwa da ke zuwa babu asid a ciki yana da nasa ladabin, wanda gaggawa ke tattakewa. Bayan an zuba ruwan batir, sai a bar shi ya zauna rabin awa zuwa awa ɗaya, faifayen su sha, sannan a yi masa cajin farko a hankali, da kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa: rabin amfiya ga mai 5Ah. Wanda aka zuba wa ruwa aka ɗaura nan take zai yi aiki, amma daga kusan kashi 80 cikin ɗari ya fara rayuwa, kuma da wuya ya cike giɓin. Masu caji da ke jera shi layi ɗaya da baturan mota su sakar masa wuta, awa ɗaya ta isa su dafa shi.

Wajen ɗaurawa, jan kai ake fara haɗawa, baƙi ya biyo. Wajen cirewa kuma baƙi ne farko. Bututun numfashi a zura shi ƙasa, nesa da sarƙa, don asid na cin ƙarfe. In ruwa ya sauka ƙasa da layin da ke jikin akwatin, tataccen ruwan da ake sayarwa a kwalba don batir kaɗai ake ƙarawa. Ba asid ba, domin ruwa ne ya ƙafe, asid ɗin yana nan. Ba fiya wata ba, ba ruwan rijiyar burtsatse ba, gishirin cikinsu yana lalata faifaye. Farin garin da ke taruwa a kawuna, ruwan kanwa da tsohon buroshi suna wanke shi tas, muddin bai shiga cikin ɗakunan ba, sannan a shafa ɗan basilin.

Saura mataccen da ke cikin leda. 'Yan gwangwan suna sayensa saboda dalmar, kuma akwai masu fasa shi a tsakar gida, su tsiyaye asid a kwata, su narka sauran a gwangwani yara suna kallo. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Can daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito, ba daga batir ba, amma dalmar ɗaya ce, kuma ƙurarta a ƙwaƙwalwar yaro take zama. Masu shaguna da yawa a Fagge suna karɓar tsohon batir da murafunsa a rufe. Sukan auna shi a tafin hannu, su rage wani abu daga kuɗin sabon, su tura shi ƙarƙashin benci inda 'yan uwansa ke jibge suna jiran masu saye.