Korona da lafiyar ƙwaƙwalwar ɗaliban Tawa: abin da ya kamata ku sani

Ranar 19 ga Maris 2020 aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da korona a Nijar. Washegari aka rufe makarantu da jami'o'i, ba su sake buɗewa ba sai 1 ga Yuni. Ɗaliban jami'ar Tawa, wadda aka kafa a 2010 kuma yanzu take ɗauke da sunan masanin tarihi Djibo Hamani, suka watse zuwa Keita, Buza, Illela, Abalak da Cintabaraden. An yi ta lissafin darussan da aka rasa, amma damuwar da yaran suka kwasa ba ta samu mai ƙirga ta ba.

Me ya sa abin ya yi nauyi a Adar?

Adar, yankin da Tawa take ciki, ƙasar 'yan bida ce. Gidaje da yawa suna rayuwa ne da abin da ɗan'uwa ya aiko daga Abijan, Libiya ko Najeriya. Da aka rufe iyakoki, kasuwanni suka yi sanyi, aike ya ragu. Ɗalibin da ya saba da abincin jami'a da hirar abokai sai ya tsinci kansa a ƙauye babu lantarki, wayarsa tana wurin mai caji, ga rumbu ya kusa ƙarewa. Karatu ta intanet kuwa sai mai kuɗin sayen data. Ɗalibi makaho da ke dogara ga abokin da zai karanta masa darasi ya rasa mai karanta masa. Ɗaliba mace ta sha tambayar "yaushe za ki yi aure?" Sannan a Maris 2021 'yan bindiga suka kashe mutum 137 a yankin Tillia na jihar Tawa, tsoro ya ƙaru a kan damuwa.

Me bincike ya nuna?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2022 cewa a shekarar farko ta annobar ciwon damuwa da fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a duniya, kuma matasa da mata sun fi shan wahala. Sai dai sau da yawa irin wannan bincike ta intanet ake yin shi, ba da harsunanmu ba. Wanda ba ya da waya, ko wanda Hausa, Tamajak ko Fulatanci ne kawai bakinsa, ba ya shiga lissafi. Duk mai son sanin halin ɗaliban Adar dole ya je inda suke, ya tambaye su da harshensu, ya haɗa da mata, masu buƙata ta musamman da 'ya'yan makiyaya.

Alamomin da za ku lura da su

Idan ɗalibi ya kai mako biyu yana fama da rashin barci, ƙin cin abinci, kuka ba dalili, guje wa mutane ko kasa riƙe abin da ya karanta, abin ya wuce kasala. Wani zai ce kansa ke zafi, wani ya ce zuciyarsa ke bugawa. Wasu kan faɗa shan tramol don neman sauƙi, matsalar ta zama biyu.

Me za a yi?

Ku saurare shi, kada ku ce masa mahaukaci ko rago. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana zuwa likita. Likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne a Nijar, yawancinsu a Yamai, saboda haka a fara da gidan likita mafi kusa ko babban asibitin jiha da ke Tawa, su za su tura shi gaba idan da buƙata. Wanda ya ambaci kashe kansa kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Shugabannin jami'a da ƙungiyar ɗalibai ta USN su ma suna da aiki: a samar da wurin da ɗalibi zai faɗi damuwarsa cikin sirri, tun kafin wata annoba ta sake rufe makarantu.